Daga Duba-Gari Zuwa Ungozoma: Waiwaye a Kan Tarihin Kiwon Lafiyar Jama'a

Duk shekarar da aka yi taron ƙungiya bayan salla, aka zo kan maganar lafiya, mun lura bakin jama'a yakan zo ɗaya: a ƙara ɗakin kwanciya a asibitin gari, a sake kwanon rufi, in da hali a sayi motar ɗaukar marasa lafiya. Ba mu ga laifin wannan ba, domin duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a kan babur cikin dare ya san darajar mota. Sai dai kuma da masu shirya wannan mujalla suka nemi mu rubuta wani abu na tarihi, sai muka ga ya dace mu tuna wa 'yan uwa mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas wani al'amari da shekaru suka fara binnewa. Akwai cututtuka uku da kakanninmu suka sani kamar yunwar cikinsu, wato agana da ciwon barci da kurkunu. Yau in ka tara 'yan aji shida ka tambaye su, da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu. To, babu ko ɗaya cikin ukun nan da aka kora daga kan gadon asibiti. A bakin rafi da bakin tafki da ƙofar gida aka yi yaƙinsu, kuma mafi yawan mayaƙan ba likitoci ba ne.

Kafin mu shiga labari, bari mu bambanta abu biyu da jama'a kan haɗa wuri guda. Akwai nas ta asibiti, wadda ke jiran mara lafiya ya zo ya same ta. Akwai kuma nas ta al'umma, wadda majinyacinta shi ne garin baki ɗaya. In aka kawo yaro da ƙyanda, ta farko za ta auna zafin jikinsa ta duba idonsa da ƙirjinsa. Ta biyun za ta yi haka ita ma, amma kafin uwar ta tashi sai ta tambaya daga wace unguwa suke, yara nawa ne a gidan, wa aka yi wa allura wa ba a yi wa ba, kuma kashegari za ka gan ta a wannan unguwa da jakarta. Ma'auninta shi ne littafin rajista: haihuwa nawa, rasuwa nawa, masu ciki nawa, daga wace rijiya ake sha. Aikinta ya fara tun kafin cuta ta iso, da allura da tsaftar ruwa da wayar da kai. In cutar ta kutso, sai ta nemi gano ta da wuri tun ba ta yi ƙarfi ba. In kuwa ta riga ta yi ɓarna, kamar yaron da shan-inna ta shanye wa ƙafa ko dattijon da hawan jini ya kayar, sai ta bi shi gida ta ga yadda za a rage masa wahala.

Wannan sana'a tana da mafari. A shekarar 1859 wani attajirin birnin Libaful na Ingila mai suna William Rathbone ya ga irin sauƙin da matarsa ta samu a ciwon ajalinta a hannun wata nas da ke jinyarta a gida. Bayan rasuwar matar sai ya ɗauki nas ɗin, Mary Robinson, ya biya ta don ta riƙa shiga gidajen talakawa na wata uku. Abin da ta gani na ƙazanta da talauci ya sa ta nemi ajiye aikin tun wata na farko, ya lallashe ta ta ci gaba, daga ƙarshe kuma ta ce ba ta da wani aiki sai shi. Da shawarar Florence Nightingale aka buɗe makarantar horar da irinta, aka raba birnin shiyya 18, kowace da mai kula da ita. A Amurka kuma, a 1893, Lillian Wald ta tare a unguwar baƙin haure ta birnin Niyok, ta zauna cikinsu tana cin abin da suke ci, kuma ita ce ta laƙaba wa aikin sunan da ake kiran sa da shi har yau. Mu da muka tsufa da alli a hannu, abin da ya fi burge mu a tarihinta shi ne na 1902. A lokacin, duk yaron da aka gani da ƙazuwa ko ciwon ido sai a kore shi gida, ya je ya ci gaba da wasa da 'yan uwansa a titi. Wald ta sa aka gwada ajiye nas guda, Lina Rogers, a makarantu huɗu, tana yi wa yara magani tana bin iyayensu gida, nan da nan yawan waɗanda ake kora ya faɗi ƙasa warwas.

Mu a nan ƙasar Hausa, wannan tunani bai iso mana a hannun mace mai jaka ba. Ya iso ne sanye da kaki, riƙe da littafin sammaci. Tun 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta a Kano, inda En'e-En'e ke tura yaransu su fito a matsayin duba-gari. Manyanmu sun ba mu labari, mu ma mun riski ƙarshen abin, cewa ranar da aka ji duba-gari ya shigo unguwa, gida kan rikice: a share ƙofar gida, a rufe bakin shadda, a tuntsurar da tsohuwar randa. Yakan leƙa kwata ya duba naman da aka yanka, ya zaga kasuwa, ya ɗebi ruwan tulu ya duba ko da 'ya'yan sauro, wanda ya kama kuwa sai gaban alƙali da tara. Gaskiya gari ya yi tsafta a zamaninsu fiye da yanzu, kuma masu cewa a dawo da su ba su yi ƙarya ba. Amma mu faɗi ɗaya gefen. Tsoronsa ake ji, ba a fahimci dalilinsa ba, kuma namiji ne a ƙasar da aka rubuta "ba shiga" a bakin zaure. Ɗakin mai jego da madafa da wurin da ake yi wa jariri wanka, inda lafiyar gida take ƙulluwa ko ta warware, duk sun fi ƙarfin idonsa.

Babu inda aka ga ƙarfin wannan tsari da rauninsa a fili kamar Anchau, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna a yau. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa Lardin Zazzau da maƙwabtansa kamun kazar kuku. Ƙudan tsando ke yaɗa shi, shi kuwa tsando mazauninsa inuwar itatuwan bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, matafiya ke ƙetarewa. Gwamnati ta kafa ƙungiyoyin malamai masu yawo gari-gari. Dagaci zai tara jama'a, a jera su layi, a shafa wuyan kowa ana neman kaluluwa, wanda aka samu a tsaga a ɗebi ruwanta a duba a madubin likita, in an ga ƙwayar cutar a shiga yi masa allurai. Tsakanin 1931 da 1940 an duba fiye da mutum miliyan 3 a Arewa, aka sami kusan 400,000 da cutar. Da aka ga magani kaɗai ba zai ƙare ta ba, tun da wanda aka warkar gobe zai koma rafin nan, sai daga 1937 aka ɗauki wani babban aiki a yankin Anchau ƙarƙashin wani masanin ƙwari, T.A.M. Nash. Aka sare kurmin bakin rafuffuka a wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 ko kusa da haka, aka taso mutane wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka zaunar da su a sababbin garuruwa, aka haƙa rijiyoyin siminti. Tsohon garin Anchau da ya cushe cikin ganuwa aka rage masa jama'a, aka yanka sabon gari kusa da shi mai faffaɗan tituna da kasuwa da mahauta da makaranta da ɗakin shan magani, aka raɗa masa suna Takalafiya. Cutar kuwa ta ja da baya sosai.

Bayan kimanin shekara ashirin, wani masanin halayyar al'umma Ba'amurke, Horace Miner, ya je ya zauna a yankin don ya ga abin da ya saura. Abin da ya rubuta a 1960 ya kamata duk mai son yi wa ƙauye aiki ya san shi. Ya tarar ana fita saran rafi duk shekara kamar yadda aka umarta, amma yawancin masu saran ba su yarda cewa ƙuda ne ke kawo ciwon barci ba. Suna yi ne don hakimi ya ce a yi, wasu ma cikin fargabar taɓa kurmin da suke ganin mazaunin iskoki ne. Ma'ana, ranar da umarni ya yi sanyi, gatari ma zai koma rataye. Kada mai karatu ya yi saurin zargin kakanninmu da duhun kai. An tashe su daga gonakin gado, an sa su aikin gayya na tilas, ba a zauna an nuna musu ƙwayar cutar a madubi an saurari tambayarsu ba. Mu malamai mun san wannan a aji: yaron da ya haddace jadawali don tsoron bulala, da an yi dogon hutu sai ya dawo fayau.

Yaƙin agana shi muka gani da idonmu. Muna 'yan firamare a ƙarshen shekarun 1960, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi shela cewa masu lamba suna tafe. Aka jera mu a gindin bishiya, malamin lafiya yana taka wata na'ura da ƙafa, ya ɗora bakinta a damtse, ka ji tsit, an gama, ƙananan yara kuma a haɗa musu da ta ƙyanda. Har yau shaidar tana nan a hannun duk sa'anmu. A lokacin kowace unguwa tana da mai zanzana a fuska, wasu kuma cutar ta tafi da idonsu. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne cewa dabarar da ta ƙarasa agana a duniya a Nijeriya aka fara gwada ta. A watan Disamba na 1966 cutar ta ɓulla a yankin Ogoja, maganin lamba kuma bai wadata ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya ga tun da ba za a iya yi wa kowa ba, to a nemo duk inda mai cutar yake, a yi wa mutanen gidansa da ƙauyensa da kasuwar da suke ci. Sai annobar ta mutu tun ba a yi wa rabin jama'a ba. Wannan dabara ba ta aiki sai da labari, labari kuwa yana bakin mai unguwa da wanzami da malamin makaranta. Daga 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa ta ƙare a doron ƙasa.

Da kuɗin mai suka shigo, sai muka koma ga son gini. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya zana wa kowane yanki mai mutum 150,000 babbar cibiyar lafiya guda, da matsakaita huɗu, da ƙanana ashirin. An fitar da kwangiloli, an yi odar kayan aiki, da yawa daga cikin gine-ginen kuwa ba a gama su ba, waɗanda aka gama kuma wasu sun zama makwancin awaki don babu ma'aikaci. Alherin da shirin ya bari shi ne makarantun horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda har yau su ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Ana cikin haka, a watan Satumba na 1978, ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma jama'a suna da haƙƙi da nauyin shiga cikin tsara shi. Wanda ya ɗauki maganar da gaske a nan shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauye, aka sa wa gidaje lamba, aka horar da ungozomomin gargajiya. A zamaninsa ne rediyo ya koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari a cikin ruwa kwalbar lemo biyu in yaro ya kama gudawa. Yau akwai na ƙunshi da ake haɗawa da ƙwayar zinki, wanda ya fi inganci, amma Allah kaɗai ya san yawan magidantan da ke karanta wannan mujalla waɗanda wancan ruwan ya tsallakar da su.

Kurkunu kuwa, mu malaman ƙauye na shekarun 1980 mun san shi a littafin kiran suna. Da damina ta kankama sai aji ya rage, wani yana kwance ana naɗe masa tsutsa a tsinke, wani ya tafi gona a madadin ubansa da ke kwance. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, bayan shekara guda tsutsar ta ɓullo masa a ƙafa, zafi ya sa ya tsoma ƙafar a tafkin, ta zuba 'ya'yanta, zance ya koma farko. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta sami fiye da mutum 650,000 da shi a ƙauyuka kusan 6,000, babu ƙasar da ta kai mu. Da me aka ci shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da maganin da ake zubawa a tafki, da kuma mutum guda a kowane ƙauye, ɗan garin, wanda ke riƙe da littafi yana kai rahoto duk wata, yana wanke wa mai ciwo ƙafa yana roƙonsa kada ya shiga ruwa. Cibiyar Carter ta tallafa, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana tunatar da gwamnoni alkawarin ruwa. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya an same shi a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, a 2013 kuma aka ba ƙasar takardar shaida. In aka gwada da Anchau, bambancin shi ne a wannan karon mai littafin ɗan uwanka ne, kuma ya nuna maka ƙwarin a kan ƙyalle ka gani da idonka.

Akwai wani babi mai ɗaci da ba za mu tsallake ba. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. A tsakiyar annobar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa maganin shan-inna yana hana haihuwa, ta tarar da zukatan da suka riga suka yi tsami. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin, a 2006 kuma yara fiye da 1,000 suka kamu a Nijeriya. Masu ɗiga magani suna da uzuri, iyaye ma suna da tambaya mai nauyi: me ya sa ake bin mu gida da maganin cutar da ba mu nema ba, alhali in zazzaɓi ya kama yaro babu ko ƙwaya a asibiti? Ba a shawo kan abin ba sai da aka koma ga sarakuna, ƙarƙashin kwamitin da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009, aka kuma ɗauki matan unguwa da kowa ya san iyayensu su riƙa shiga ɗaki-ɗaki. Tara daga cikin masu wannan aiki an harbe su a Kano a watan Fabrairu na 2013, Allah ya jiƙansu. An ga shan-inna ta asali karo na ƙarshe a Barno a 2016, aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na 2020, ko da yake ana ci gaba da ɗigon saboda wani nau'i da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Saura yaƙin da ba a ci ba, wanda kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Suka gano cewa mutuwar masu haihuwa ta taru ne a kan waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan naƙuda ta yi kwanaki, kuma macen da ta yi makaranta ta fi tsira nesa ba kusa ba. A Zariyar dai, a shekarun nan, likitoci suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Wannan abu ne da ba wanda zai gan shi daga zaure. Bayan shekara arba'in, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a hannun ƙwararriyar ma'aikaciya ba su kai 20 cikin 100 ba. Jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda suna nan suna ɗauke mana 'ya'ya da ƙanne, wadda ta tsira da yoyon fitsari kuma sai Babbar Ruga a Katsina. Jijjiga kuwa takan yi sallama tun da wuri, da kumburin ƙafa da ciwon kai da hawan jini, in da wadda za ta shiga ɗaki ta ɗaura ma'auni a hannu.

Gwamnatin tarayya ta gwada turo ungozomomi karkara daga 2009, da yawansu kuma ba su daɗe ba, saboda rashin masauki da jinkirin alawus da baƙuntar harshe. Ba ma zarginsu. Mu ma da aka tura mu ƙauyen da ba mu san kowa ba bayan mun fito kwalejin horon malamai, kullum idonmu yana kan takardar canjin wuri. Wadda za ta zauna ita ce wadda iyayenta da mijinta suke nan. Abin da ya sa ke nan daga 2012 jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe suka gwada ɗauko 'yan mata daga karkara, gari ya zaɓe su da kansa, a yi musu shekarar share fage kafin su shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, bisa alkawarin za su dawo gida su yi aiki.

Mu 'yan ƙungiya mun saba, in 'yar uwa ta kusa haihuwa, mu aika a kawo ta birni ta zauna a gidanmu har ta sauka. Madalla da zumunci, amma mata nawa ne a garinmu suke da ɗan uwa a Abuja? Mun bincika, a cikin shekarun da ƙungiya ta yi tana biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, ba mu tuna da yarinya ko ɗaya da aka tura koyon ungozoma ba. Da muka tambayi dalili, aka ce ba sa cika sharaɗi. Sharaɗin shi ne kiredit biyar, a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fizis, sakandaren da 'yan matanmu ke zuwa kuwa ta daɗe ba ta da malamin fizis. Maganar wannan malami, da ta ɗaki biyu da kewaye kusa da asibiti inda ungozoma za ta zauna da iyalinta, su muke roƙon shugabanni su sa a jerin abubuwan tattaunawa na taron bana, kafin a iso kan kwanon rufi.